Daga Bukkar Ciyawa Zuwa Rumfar Katako: Waiwaye a Kan Lambunan Jos

A bakin kogin Dilimi, da gefen kududdufan da haƙar kuza ta bari tun daga Rayfield da Bukuru har Barikin Ladi, abin da ake shukawa bai sauya sosai ba a tsawon shekaru: kabeji, latas, karas, tumatir, tattasai, koren wake da dankalin Turawa. Abin da ya sauya shi ne ɗan ginin da ke tsaye a kusurwar lambu. A da bukka ce ta ciyawa, a kafa ta da kaka, a bar wa damina ta kwashe abarta. Yau matasan 'yan lambu maganar rumfar katako suke yi, mai rufin kwano da ƙofa da kwaɗo, da teburi a ciki inda za a jera farantan rainon iri. Sukan nufi Kasuwar Katako da takarda a hannu, suna tambayar kuɗin tubaitu da tubaifo da falanki, suna cigiyar kafinta mai sauƙi. Ni cikin aikin bukkar na taso, ga shi yanzu 'ya'yan abokaina ke zuwa mini da lissafin rumfar. Tsakanin biyun akwai tarihin sana'a guda, har da na garin kansa.

Noman lambu irin na Jos, kuza ce ta haife shi. Tun kafin zuwan Turawa ana wanke kuza a rafukan tsaunin Jos, ana kai ta Ririwai a narka. A farkon shekarun 1900 Turawan Kamfanin Neja suka bi sawunta har suka iso, daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, a 1927 kuma babban layi ya hauro ta Kafanchan. Leburori suka taho daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, barikoki suka cika maƙil. Turawan ma'adinai da 'yan mishan suna marmarin ganyen ƙasarsu, sai ga su a tudun da ya kai mita 1,200 sama da teku, inda sanyi ke barin kabeji ya naɗe, karas ya yi zaƙi. Suka shigo da iri, suka ɗauki masu kula da lambu, waɗannan kuwa suka koyi aikin suka fita da shi bakin rafi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa noman dankalin Turawa don ciyar da sojoji, shi ma ya zauna daram a Filato har yau.

Da kasuwar kuza ta fara ja da baya, har ta durƙushe a 1985 sa'ad da farashinta ya faɗi warwas a duniya, abin da kamfanoni suka bar mana shi ne tsibin ƙasa da ɗaruruwan ramuka cike da ruwa. An ƙiyasta ƙasar da haƙar ta ɓata da fiye da murabba'in kilomita 300. Ramukan nan sun ci rayukan mutane da dabbobi, amma su ne kuma suke riƙe ruwa har tsakiyar bazara. Tsofaffin leburori da 'ya'yansu suka kafa jigo a bakinsu, suka ja fangali. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa suka ture jigo, musamman bayan shirin Fadama na farko ya kankama a farkon shekarun 1990, sai lambu ya ninka faɗi. Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe, waɗanda a da suka fi mayar da hankali ga acca da gero da gwaza na damina, suka shiga noman rani gadan-gadan. Kasuwar Farin Gada ta zama matattarar motocin da ke jigilar kayan gwari zuwa Abuja da Legas da Fatakwal.

A tsakiyar wannan zamani na san bukkar kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wani lambu da ke gangaren Dilimi. Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai ya saro dirkoki huɗu masu gwafa, ya haƙa musu rami, ya kafa, ya danne gindinsu da dutse. Ya gicciya sanduna a sama, ya ɗaure da igiyar rama, ya baibaye da ciyawar da ya yanko a gindin duwatsu. Zana biyu yake kafawa, ta gabas da ta arewa, don tare iskar hunturu. Kafin la'asar an gama, bai kashe ko anini ba sai na zanar. A ciki akwai fartanya da magirbi, gwangwanin yayyafi mai hudajjen baki, randa ƙarama, buzun salla a naɗe, da murhun duwatsu uku a bakin ƙofa. A jikin sandar rufi kuwa kwalabe ne a rataye da zare, kowace da irinta a ciki, an cakuɗa da toka don kada ƙwaro ya shiga. Tumatir ɗin da ya fi kyau a bara shi ake matsewa a wanke 'ya'yansa a shanya. Tattasai da attarugu ma haka. Latas a bar gindi kaɗan su yi fure. Irin kabeji da na karas kaɗai yake saye a gwangwani, don su ba sa yin 'ya'ya yadda ya kamata a ƙasarmu.

Rainon irin kuwa a ƙasa ake yinsa, daf da bukkar, inda ido zai riƙa kaiwa. A gyara fangali ɗaya da taki mai laushi, a yafa iri, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa. In ya tsiro a ɗage ciyawar bisa gajerun sanduna ta zama inuwa, kullum ana zare kaɗan har tsiron ya saba da rana. Takin ma na garin ne: kashin kaji, kashin shanu daga rugar da ke kusa, da tokar shara wadda ake saya tifa-tifa daga cikin Jos, a ƙone, a tsince gwangwani da kwalba. Wannan dabara ta 'yan lambun Jos ta ja hankalin masana har masu bincike daga Jami'ar Jos da Jami'ar Durham ta Ingila suka yi nazari a kanta. Da asuba a watan Disamba ko Janairu, lokacin da sanyi kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, a bukkar ake hura wuta a gasa hannu kafin a taɓa ruwa.

Wata rana na tambayi kawu me ya hana shi gina ɗaki na sosai, tunda kowace shekara sai ya sake wahalar. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙasar ta wa ce?" Na ce ta Baba mai gona ce. Ya ce, "To, zanen aro ba ya rufe katara. Rani nawa ne, damina tasa. In na kafa abin da ruwa ba zai kwashe ba, ai na ce masa na zo zama ke nan." Mai gonar dattijon Birom ne. Da damina yakan shuka hatsinsa a wurin, ya ci moriyar takin da kawu ya zuba da rani. Kawu kuma yakan kai masa kwandon kayan miya da ɗan abin goro. Babu takarda a tsakaninsu, sai amana da gaisuwa. Bukkar ciyawa ta dace da wannan zama ƙwarai: ba ta tsorata mai ƙasa, kuma in an tashi ba a bar komai a baya ba.

Abin da ya fara ture bukkar shi ne iri. Da iri mai aure ya shigo, wanda ake sayarwa a 'yar leda da ƙidaya, lissafi ya sauya. Shi ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa, don ba za su fito kamar uwarsu ba, dole kowace shekara a koma shago. Wanda ya sayi ƙwaya 1,000 da kuɗi masu nauyi ba zai yafa su a ƙasa ya bar wa kaji da tsutsa da ruwan sama rabonsu ba. Sai aka koma farantin roba mai ramuka 128 ko 200, kowane rami ƙwaya ɗaya, a cika shi da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko tankaɗaɗɗen taki. Farantin kuwa yana son teburi, teburin yana son rufi. Tsiron tumatir yakan yi mako uku zuwa huɗu kafin dashe, na tattasai ya fi haka daɗewa, kuma a kwanakin nan ruwa mai ƙarfi guda ɗaya ko ƙanƙarar farkon damina ta isa ta shafe jarin mutum.

Sauran dalilai suka biyo baya. Kasuwa ta koya wa mutane cewa tumatir ya fi tsada da damina, don haka lambu ya daina zama aikin rani kaɗai. A zamanin Gwamna Jonah Jang, tsakanin 2007 da 2015, an kafa cibiyoyin horas da manoma na ASTC tare da wani kamfanin Isra'ila, mutane da yawa suka fara ganin gidan leda da ban ruwa na ɗigo da idonsu. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a jihohin arewa har da Filato, aka fahimci amfanin raino a bayan raga mai ƙananan ido. A ƙauyen Chaha kusa da Vom noman sitiroberi ya bunƙasa, shi kuma ɗan lele ne, ba ya jure rana bayan an tsinke shi. Ga kayan aiki da suka yi tsada: injin ban ruwa, tiyo, famfon feshi, buhunan takin zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wasu suka koma injin mai aiki da hasken rana, shi ma da kayansa masu jan idon ɓarawo. Zana ba ta tsare irin wannan dukiya. Dole a nemi bango da ƙofa.

Matasa da yawa a waya suke fara ganin rumfar da suke so: ɗan ɗakin katako mai faffaɗar taga ta gilashi, irin na lambunan Ingila. Can asalinsa ɗakin aiki ne a manyan lambunan attajirai na ƙarni na 19, inda ake cika tukwanen shuka, a ajiye iri, a fake wa sanyi. Abokin gabarsu ƙanƙarar hunturu ce da ƙarancin rana, shi ya sa suke son gilashi da ɗaki a rufe ruf. Mu namu abokan gabar daban ne: gara, ruwan da ke zuba kusan milimita 1,400 a shekara tsakanin Afrilu da Oktoba, iskar farkon damina mai yaye rufi, da zafin kwano a watan Maris. Wanda ya kwafo hoton nan yadda yake, tsironsa zai dahu da rana, katakonsa ya ruɓe daga ƙasa.

Saboda haka zaɓen yana farawa ne daga itacen, kuma a nan ma duniya ta juya. Kakanninmu in suna son dirkar da za ta daɗe, ƙirya suke nema ko marke, in rufi ne azarar giginya, wadda gara ke shan wuya kafin ta huda. Kafintocin da suka yi ƙofofin tsofaffin gidajen Jos da maɗaci da loko suka yi aiki, busassu, masu nauyi. Yau samun irin wannan sai mai hali. Dazuzzuka sun ja baya, gawayi ya ci ƙirya, a tsakiyar shekarun 2010 kuma aka yi wa madobiya wawaso a Taraba da Kogi da wasu jihohi don kai wa ƙasar Sin, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES ya sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu. Abin da ya cika kasuwa yanzu malaina ne da afara da farin katako mara nauyi, yawanci daga ƙananan bishiyoyi, an tsaga su tun ruwansu bai tsane ba.

Na raka ɗan wani abokina Kasuwar Katako, muka dace da wani dattijon mai sayarwa da bai ɓoye mana komai ba. Yaron ya nuna tulin da ya fi araha. Dattijon ya zaro falanki ɗaya ya miƙa masa ya ce, "Ɗaga ka ji." Ya zaro wani mai kauri ɗaya da shi daga can cikin rumfa, wannan ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Ya ƙwanƙwasa su da bayan wuƙa: na farko ya yi ƙara a dushe, na biyu ya amsa garau. Ya ce, "Ɗana, nauyin da ka ji ruwa ne. In ka buga wannan yau, kafin hunturu ya wuce ya kantare, ya tsage, ƙusa ta saki. Araha ba ta ado." Sannan ya juya bakin falankin ya nuna mana jan tsakiya da farin gefe, ya ce farin nan shi ƙwaro ke fara ci, in ka ga ƙananan huji da gari na zuba to an riga an shiga. Ya sa yaron ya runtse ido ɗaya ya hango tsawon katakon don ya ga ko ya miƙe. Shawararsa ta ƙarshe ita ce, in kuɗi bai kai na busasshe ba, a sayi ɗanyen da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, iska ta ratsa shi makonni kafin a kira kafinta.

Akwai kuma itacen da tarihin kuza ya bar mana. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 hukuma ta fara baje tsibin ƙasar da haƙa ta bari tana dasa bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostireliya take. Yau duk inda ka duba a Filato tana tsaye. Manoma na kuka da ita, kuma da gaskiyarsu: tana shan ruwa, ganyenta ba ya barin shuka ta sake a gindinta. Amma ga mai neman dirka da sandar rufi, tana miƙewa sambal, tana da ƙarfi, in an sare ta kuma sai ta sake tohowa daga kututture. Sharaɗinta a ɓare ɓawon, a bar ta ta bushe a inuwa, kuma a huda kafin a sa ƙusa don tana saurin tsagewa. Rumfar da dirkokinta na turare ne, bangonta na malaina, ta fi wadda aka yi da farin katako zalla daɗewa, kuma sau da yawa ta fi ta sauƙin kuɗi.

Bayan itace sai wuri da fasali, kuma a nan ilimin bukkar kawu bai tsufa ba. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, don haka waɗannan ɓangarori ake toshewa, ƙofa ta dubi yamma ko kudu. A nemi tudu, nesa da hanyar ruwa. Mutanen Rikkos da Gangare ba za su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 30, kuma lambunan bakin Dilimi ne kullum a gaban ruwa. Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan: a ɗora dirka bisa dutse ko bulo, dutse kuwa Allah ya hore mana shi. A shafe gindin da maganin gara. Da yawa baƙin mai suke shafawa, yana taimakawa, amma a kiyaye kada ya ɗiga inda ake shuka ko ya gangara kududdufi. A riƙa duba gindin dirka, in an ga hanyar gara ta ƙasa tana hawa a kankare ta nan take.

Rumfa mai kyau kashi biyu ce. Ɓangare ɗaya rufaffe, da ƙofa da kwaɗo, na inji da taki da iri. Maganin feshi a akwatinsa daban, a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma nesa da abinci da ruwan sha. Ɗaya ɓangaren a buɗe, bangonsa raga, rufinsa kwanon roba mai shigar da haske ko leda mai kauri, don tsiron da bai sami haske ba yakan yi tsawo ya rame, wanda bai sami iska ba kuma gindinsa ya ruɓe. Teburi ya kai ƙugu, samansa sanduna ne a jere da tazara don ruwa ya zube. Rufin ya zarce bango sosai, a ɗaure shi da kyau, a sa masa indararo zuwa duro ko tanki. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 3 da mita 4 zai iya tara kusan lita 16,800 a damina guda, ruwa mai tsabta da ya fi na rafin da ya ratsa gari dacewa da jaririn tsiro.

Duk wannan kafinta nagari zai iya yi. Abin da ba ya hannun kafinta shi ne tambayar da kawu ya yi mini, wadda har yau ba ta sami amsa ba: ƙasar ta wa ce, kuma har yaushe za a bar ka a kanta? Mafi yawan 'yan lambun Jos haya suke ko aro. Amanar da ta riƙe wancan zama ta sha duka. Rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun raba unguwanni, sun raba kasuwanni, sun raba mutane da lambunan da suka shekara da shekaru suna nomawa. Kasuwar Katako kanta ta sha wuta a 2008. Akwai Bahaushen da bai sake taka gonar da ya saba aro ba, akwai Birom ɗin da ya daina kai kayansa inda ya saba kaiwa, kowa da gawar da ya binne da tsoron da ya kwana da shi. A gefe guda gari na faɗaɗa. Filin da ake noman kabeji bara, bana an yanka shi fuloti-fuloti. Mai ƙasa yana tsoron in ya bari an kafa gini, gobe a ce an mallaka. Ɗan lambu yana tsoron ya zuba kuɗin kakarsa a katako, baɗi a ce ya tashi. Kowannensu yana da hujja.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo mini da takardar lissafinsa cewa girman rumfa da nauyin katakonta su bi tsawon zaman da aka yi masa alkawari. Mai gonar kansa ya zuba siminti a gindi, ya nemi jan katako, ya yi abin da 'ya'yansa za su gada. Mai hayar shekara ɗaya ya yi bango falle-falle, a haɗa da noti maimakon ƙusa, yadda mutum biyu za su kwance shi su loda a mota cikin yini guda. Wanda jarinsa bai kai ba kada ya ci bashi don ganin ido. Dirkar turare huɗu, leda a sama, raga a gefe, teburin gora, sun isa su raini irin da zai cika lambu. Kuma kafin a sayi ƙusa ko ɗaya, a je a sami mai ƙasa, a zauna, a gaya masa abin da ake son kafawa.

In na auna abin da muka samu da abin da ya kuɓuce mana, ba na cikin masu cewa da ta fi yanzu. Na ga bayan kawu ya ranƙwafa saboda jigo da tsugunno. Na ga shekarun da ruwa ɗaya ya wanke masa fangalin iri ya koma roƙon tsiro wurin maƙwabta. Yau yarinya mai digiri tana tsaye gaban teburi tana rainon dubban tsiro tana sayar wa manoma, sana'ar da babu ita a da. Mata da yawa sun sami ƙofar shiga lambu ta wannan hanya, don raino ba ya bukatar babban fili. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma ina jin ciwon kwalaben nan da suka ɓace daga jikin rufi. Manomin da ba ya ajiye iri ko ɗaya, wuyansa na hannun mai shago da farashin dala. A kowace rumfa ya kamata a bar kanta guda ta irin gida: attarugu, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, gauta, da tumatir ɗin gargajiya mai jure wahala. Ina kuma kewar ƙofar da ba ta da kwaɗo, inda ɗan lambun maƙwabta, ko wane yare yake ji, zai shigo ya ɗauki fartanya ya dawo da ita da yamma.

Gyaran da ya rage ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ƙungiyoyin 'yan lambu da masu unguwanni da dagatai za su iya fito da takardar haya mai sauƙi, ta shekara uku ko biyar, da shaidu daga ɓangarorin biyu, wadda ta faɗa ƙarara cewa rumfa ta ɗan lambu ce, ƙasa ta mai ita ce, kuma kafa ɗaya ba ya taɓa mallakar ɗayar. Wannan zai kwantar wa mai gona da hankali, ya ba manomi ƙarfin zuciyar zuba jari. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos tun 1958 tana da masanan da za su iya koya wa kafintoci busar da katako da kare shi daga gara, su kuma nuna wa manoma inda ya dace a dasa itacen dirka, can kan tsibin kuza da ba a nomawa, nesa da fangali da bakin ruwa. Sana'ar da ke ciyar da biranen Nijeriya da kabeji da karas ta cancanci wannan ɗan ƙoƙari, kuma masu ƙasa da masu haya duka za su ci ribarsa, domin lambun da aka san za a daɗe a cikinsa shi ake zuba wa taki na gaske.